Tambaya da Amsa: Shin Ana Iya Koyon Aikin Jinya Ta Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatun aikin jinya a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma an shaida mana cewa za a riƙa ba su wasu darussan ta intanet, sauran kuma a aji da asibiti. Hankalina bai kwanta ba, domin ban ga yadda za a koyi yi wa jariri allura ta waya ba. Shin irin wannan karatu yana da inganci?
Daga wata uwa a Haɗeja, Jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiyarki, ba a koyon allura ta waya, kuma makarantar da ta san abin da take yi ba za ta ce ana koya ba. Wannan tsari na haɗa karatun aji da na intanet ya ƙara yaɗuwa ne bayan rufe makarantu da annobar korona ta jawo a 2020, ko da yake tun kafin nan Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, tana ba ma'aikatan jinya masu rajista damar yin digiri ba tare da sun ajiye aikinsu ba.

Abin da ya dace da waya shi ne karatun da ake buƙatar maimaitawa har ya zauna, kamar jadawalin rigakafin yara, da yadda kwalara ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa, da dalilin ajiye yawancin magungunan rigakafi a sanyin da bai gaza digiri 2 na ma'aunin Celsius ba, bai kuma wuce 8 ba. Ɗaliba za ta iya sake kallon darasin sau nawa ta ga dama, abin da malami mai fama da cikakken aji ba zai iya yi mata ba.

Amma aikin da 'yarki za ta yi a ɗakin shan magani na ƙauye aikin hannu ne da na baki. Bidiyo zai gaya mata cewa idan awon damtsen yaro ya gaza santimita 11.5, tef ɗin awon ya nuna ja, to yaron yana fama da matsananciyar tamowa. Sai dai malama ce da ke tsaye a kanta za ta lura cewa ta matse tef ɗin fiye da kima, ko ta ɗaura shi ba a tsakiyar damtsen ba. Haka kuma allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, wadda ake yi cikin fata har wurin ya ɗan taso. Balle kuma shawo kan maigidan da ya hana a yi wa 'ya'yansa rigakafi, wanda sai ta bi manyanta unguwa-unguwa ta ji yadda suke fara gaishe da mai unguwa kafin su yi sallama a ƙofar kowa.

Saboda haka, Hajiya, ki fara tabbatar da cewa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin, domin ita ce ke shirya jarrabawar ƙarshe tare da ba da lasisin aiki. Sannan ki tambayi makonni nawa ɗalibai ke yi a asibiti da cikin al'umma, da wanda ke sa musu ido a can. A ganina, idan an rage waɗannan makonni da sunan an koma intanet, makarantar ta tauye ɗalibanta. Ki kuma bincika ko ana iya sauke darussan a waya a kalla daga baya, tun da kuɗin data da rashin wutar lantarki kan hana ɗalibai da yawa halartar darasin da ake yi kai tsaye.