Abin da ya sa muka mai da Alhaji gida

Baffa, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da su Gwaggo. Ranar da kuka tarbi yayanku Alhaji a tasha kun yi mini tambaya a waya: yaya mutum yana zaune a garin manyan asibitoci, amma a loda shi a mota yini da kwana a kawo shi Kano jinya? Na ji zafin maganar a muryarku, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuto.

Asibitoci kam akwai su a Ikko. LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, tana Idi-Araba, a tsakiyar Hausawa ma. LASUTH, na Jami'ar Jihar Legas, tana Ikeja, ba nisa da mu nan Agege. Ga na ƙashi a Igbobi, ga na ƙwaƙwalwa a Yaba. Sai dai an tsara su ne don mai ciwo ɗaya, ya zo a duba shi ya tafi. Tsoho kuwa ba ya zuwa da ciwo ɗaya. Alhaji ga hawan jini, ga suga, ga gwiwa, ga fitsarin da ba ya riƙuwa, kuma kowanne da ɗakinsa da ranarsa da layinsa.

Wata Talata na kai shi wani asibiti. Muna idar da asuba muka fita, cunkoso ya ci mana awa biyu, muka yanki kati muka zauna a benci har aka kira azahar. Da muka shiga, likitar mace ce, sa'ar jikarsa. Ta tambaye shi ina ke ciwo, ni ne tafinta, don shi Yarbancin ciniki kawai yake ji. Sai ya gyara hula ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Mutumin da ya kwana yana nishi! Zancen fitsari kuwa ko da wasa ba zai yi shi a gabana ba, balle a gabanta. Ita kuma mutum fiye da talatin na jiranta a waje, ina ta ga lokacin lallashin dattijo har ya faɗi gaskiya? Ban ga laifinta ba. Muka fito da takardar magani guda, sauran ciwon muka koma da shi gida.

Wurin da aka ware don tsofaffi, inda likita ɗaya zai dubi mutum gaba ɗayansa, na farko a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe shi, a cikin asibitin koyarwa na Ibadan, aka sa wa wurin sunan Tony Anenih. Likitocin wannan fanni har yau ƙalilan ne. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, aka kuma yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022, jihar Legas ma tana da tata inshorar, Ilera Eko. A nan kam da sakacinmu, don da yawa a cikinmu ba mu yi rajista ba, wasu ma suna ganin dabarar karɓar kuɗi ce. Wanda ya shekara arba'in yana sayar da goro ba shi da fansho, komai daga aljihu ne, tun daga awon jini har auduga.

Amma abin da ya fi kuɗi wuya shi ne majinyaci. Ko an ba ka gado, naka ne zai sayo magani, ya yi maka wanka, ya juya ka. A wurinku gida cike yake da mata da jikoki. Nan ɗaki ɗaya ne na haya, banɗaki na mutum ashirin, kuma duk wanda bai fita kasuwa ba ranar tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Iyalin Alhaji kuwa dama suna can. Gidan tsofaffi akwai na gwamnati a Yaba, amma wanda ya kai nasa can ya bar wa zuriyarsa abin gori.

To ga yadda muke yi. Idan jiki ya ƙi, liman ya yi sanarwa bayan isha'i, 'yan kasuwarsa su yi karo-karo, a sanar da fadar Sarkin Hausawa, a kama masa kujera biyu a doguwar mota, a haɗa shi da saurayi mai ƙarfi. Ba korarsa aka yi ba. Shi da bakinsa ya riƙe hannuna ya ce a kai shi inda aka binne cibiyarsa.

Ba kowa ke da wannan gatan ba. Mahaifiyata a Agege aka haife ta, kakanta ne ya biyo layin dogo da fataucin goro. Ita ina za a mai da ta? Iyayenta duk a nan suke kwance. Irinsu a nan muke jinyarsu: matan layi su raba kwanaki, wata nas maƙwabciyarmu ta riƙa leƙowa tana auna ta, mu kuma mu biya kemis ƙarshen wata. Irin su Inna kuwa kullum ƙaruwa suke yi.

Takardun Alhaji suna cikin baƙar leda a ƙasan jakarsa. Don Allah kada a tsayar da ƙwayar hawan jinin ko ya ce ya warke, ya sha rubutunsa ya kuma sha ta. Idan za a kai shi asibiti, ku raka shi da kanku, ku ne zai iya gaya wa zancen fitsarin.