Fim ɗin 'yan rufa-ido na Burt Wonderstone, ya cancanci a ƙona masa data?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki. Abokina ne ya dame ni wai in nemi The Incredible Burt Wonderstone, ya ce na 'yan rufa-ido ne kuma akwai dariya. Kafin in sauke shi ina so in ji ta bakinka, yana da kyau kuwa? Kuma zan iya kunna shi a falo da ƙannena? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshen, a'a, kar ka kunna shi gaban yara, akwai zantukan manya da wuraren da yaro zai iya kwaikwaya ya ji wa kansa ciwo.

Fim ne na Amurka da ya fito a 2013, Don Scardino ya ba da umarni. Steve Carell ne Burt, Steve Buscemi kuma Anton, abokai ne tun suna yara, sun yi shekaru suna siddabaru a wani otal a Las Vegas har wasan ya gundure su su ma, kullum abu ɗaya, sai ga Steve Gray wato Jim Carrey ya ɓullo da nasa salon na kan titi, shi ba ruwansa da dabo mai kyau, azabtar da kansa yake yi gaban kyamara mutane na tafi. Ya kwana kan garwashi, ya yi kwanaki yana riƙe fitsari, kai har kansa ya huda da na'urar huda katako. Wallahi duk inda Carrey ya shigo fim ɗin sai ya farfaɗo, kuma ƙarƙashin dariyar akwai magana, yadda 'yan kallo suka koma son ganin jini da wahala fiye da gwaninta.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Alan Arkin, tsohon ɗan rufa-ido Rance Holloway da Burt ya tarar a gidan tsofaffi, wanda kayan wasansa ne suka sa Burt son sana'ar tun yana ƙarami. Hirarsu ta fi komai daɗi a fim ɗin, haushi na ɗaya an ba shi lokaci kaɗan.

Matsalar ita ce Burt ɗin kansa. An mai da shi mai girman kai da rainin mutane har ya yi yawa, kusan rabin fim ba ka tausayinsa, sannan kwatsam wai ya shiryu ba ka ga abin da ya shiryar da shi sosai ba. Olivia Wilde ma an yi asarar ta, Jane da ta fito a matsayinta, mai taimaka wa Burt a wasa, tana da basira amma aka ƙare ta a budurwar jarumi. Buscemi kuwa aka tura shi Kambodiya ya ɓace na tsawon lokaci. Sai wasan ƙarshe, ba zan tona maka ba, amma hanyar da suka bi suka sa 'yan kallo suka ɓace ni dai ba ta kwanta min ba, fim da ke cewa a koma ga gwaninta bai kamata ya ƙare da wannan ha'incin ba. Siddabarun gaske ma kaɗan ne, duk da shahararren ɗan rufa-ido na gaske David Copperfield ya leƙo.

Bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito. In wani na da shi a waya karɓi ta Xender ka kalla da abokai, amma in rufa-ido zalla kake nema ba nan za ka same shi ba.