Shin kuɗin da gwamnati ke zubawa a gyaran hanyoyi yana samar da aikin yi da gaske?

Tambaya: Ni manomin tumatir ne daga yankin Kadawa a jihar Kano. Kullum muna jin an ware biliyoyin naira don gyaran hanya, a ce za a samar wa matasa aikin yi, kasuwanci ya bunƙasa. Amma mu dai katafila da tifa muke gani, aiki na ƙarewa kowa ya watse. Ina amfanin da ake faɗa?

Amsa: Malam, abin da ka gani gaskiya ne. Aikin da ake samu lokacin gina hanya na ɗan lokaci ne, kuma bai kai yawan da ake zuzutawa ba. Babbar hanya ta zamani injuna ne ke yin ta: gireda ta baje ƙasa, rola ta danne, wani injin ya shimfiɗa kwalta. Kamfani kan zo da injiniyoyinsa da direbobinsa, abin da ke saura ga 'yan gari shi ne leburanci, gadi, ɗaga tuta, ginin kwalbati da magudanar ruwa. Masu abinci da masu shayi da 'yan ga-ruwa su ma sukan ɗan samu, masu tifar yashi da tsakuwa sun fi su samu. Ranar da aka kwashe sansanin ma'aikata, wannan ciniki ya tafi ke nan.

Amfanin hanya na haƙiƙa yana zuwa ne bayan ɗan kwangila ya tafi, kuma kai manomi ka fi kowa iya auna shi. Dubi kwandon tumatir ɗinka. Daga gona zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, daga can a hau tirela zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Duk ramin da mota ta faɗa, na ƙasan kwando yana matsewa yana tsiyayar da ruwa. Duk daren da aka ƙara a hanya, wani kaso ya ruɓe. Direba ya san zai sayi taya ya gyara sifirin, sai ya ɗora a kuɗin mota. Dillali ya san za a yi asara, sai ya karya maka farashi tun a bakin gona. Ashe kai ne kake biyan kuɗin lalacewar hanyar ba tare da an ba ka rasit ba. Idan hanya ta gyaru, wannan kuɗi ne ke dawowa aljihunka, da shi za ka ƙara fili ka ɗauki 'yan ƙwadago. Irin wannan aikin yi ba ya fitowa a jawabin buɗe hanya, amma shi ne mai ɗorewa.

Sai dai ba kowace hanya ce ke yin haka daidai ba, kuma nan ne nake da ƙorafi kan yadda ake kasafta kuɗi. Hanyoyin gwamnatin tarayya kimanin kilomita 35,000 ne, mafi yawan sauran kuwa na ƙananan hukumomi ne, kuma su ne suka fi lalacewa. Amma manyan kuɗaɗe kan tafi ne ga manyan tituna. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano mai kimanin kilomita 375 an bayar da kwangilarta a ƙarshen 2017 kan kusan naira biliyan 155, daga baya kuɗin ya yi ta hauhawa. Sukuk (takardar lamuni bisa tsarin Musulunci) na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, an raba shi ne ga manyan ayyuka 25 a shiyyoyi shida. Babu mai musun muhimmancinsu, domin hatsin Dawanau da shanun Maigatari da albasar Aliero duk ta kansu suke bi. To amma me tagwayen hanya za ta yi wa manomin da rafi ke raba ƙauyensa da bakin titi duk damina? Kwalbati guda da 'yan kilomita na burji mai kyau za su iya sauya rayuwar gari fiye da gadar sama a birni. Irin wannan giɓi ne shirin RAAMP, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 280, ya zo cikewa, ta hanyar haɗa ƙauyuka da kasuwannin amfanin gona a jihohi da suka haɗa da Kano da Katsina da Sakkwato da Kabbi da Bauci. Hanyar karkara kuma ta fi cin hannun mutane, don haka ko a lokacin ginin ma 'yan gari sun fi samun aiki.

Abu na biyu da ke cinye ribar shi ne rashin kulawa. Babban maƙiyin kwalta ruwa ne. Magudana ta toshe da shara, ruwa ya kwanta, ya shiga ƙarƙashi, ƙaramin tsagu ya zama rami. Sai lodi fiye da ƙima: injiniyoyi sun daɗe da gano cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota (ƙarfen da ke riƙe da tayoyi) sau biyu, ɓarnar da take wa hanya kan kai ninki goma sha shida. An kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da hanyoyin tarayya, amma a jihohi da ƙananan hukumomi sau da yawa ba a ware wa gyara komai, sai hanya ta mutu a sake bayar da sabuwar kwangila. Alhali yashe magudana, sare ciyawar gefe da cike ramuka aiki ne na kowace shekara da matasan gari za su iya yi da shebur da baro.

Don haka idan an zo da maganar hanya a yankinku, ku haɗu da mai gari da ƙungiyar manoma ku nemi amsa a rubuce: nawa ne kuɗin, yaushe za a gama, 'yan gari nawa za a ɗauka, ta yaya za a biya diyyar gonaki da shaguna, kuma wa zai kula da ita bayan an miƙa. Sannan ka rubuta kuɗin dakon kwando daga gonarka zuwa Kwanar Gafan a bana. Shekara guda bayan an gama aikin ka sake dubawa, ka cire abin da tsadar mai ta ƙara, za ka ga ko biliyoyin sun iso gare ka.