An kai mahaifina emajensi sau biyu, me ya sa ba a gano komai ba?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 58. Sau biyu muna kai shi emajensi da ciwon ciki da jiri, aka ƙara masa ruwa da jini, aka ce olsa ce, aka sallame mu. Yanzu sai rama yake yi, bayan gidansa baƙi ƙirin. Wani likita ya ce a zura masa kyamara a duba ko daji ne. Da daji ne, ai da sun gani tun can ko?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. A'a, malama, ba lallai su gani ba. Aikin sashen gaggawa shi ne ceto rai a daren nan: a tsayar da jini, a ɗago wanda ya galabaita. Ciwon dajin tumbi ko na hanji kuwa a bangon ciki yake tsirowa, kuma hoton ciki da ake shafa mai a goga na'ura sau da yawa ba ya nuna shi. Sai an leƙa da kyamara, ta baki ko ta dubura, an ɗebo ɗan tsoka an kai awo. Ko a Ingila, kusan kashi 1 cikin 5 na masu daji ta emajensi ake fara gano su, kuma galibi cutar ta riga ta yi nisa.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne ƙarin jinin. Namiji mai shekarun Baba ba ya rasa jini haka kawai, galibi akwai inda yake tsiyaya. Baƙin bayan gida mai yauƙi kamar kwalta, mai mugun wari, jini ne da ya narke tun daga sama, wato wajen tumbi. (Maganin ƙara jini ma yana baƙanta shi, sai ki gaya wa likita duk abin da yake sha.) Olsa tana iya kawo wannan, musamman ga mai ƙwayar cutar H. pylori ko mai yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac. Amma ita ƙwayar cutar H. pylori tana cikin manyan masu jawo dajin tumbi, kuma maganin olsa irin su omeprazole yana kwantar da zafin olsa da na dajin duka. Shi ya sa mutum zai shekara yana sayen maganin olsa a kemis, yana ganin sauƙi, cuta na cin sa. Haka jini ja a bayan gida yake shan suna basir, a yi ta jiƙo da sassaƙe.

Don haka ku yi awon kyamarar cikin makonnin nan, kada a jira faɗuwa ta uku. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya suna yin sa. Ku tafi da takardun sallama da sakamakon awon jininsa. Idan ba a ga komai ta sama ba, ki tambaya ko za a duba babban hanji.

Kafin ranar, idan ya yi aman jini, ko ya suma, ko ciki ya kumbura ba kashi ba tusa, ku koma emajensi nan take. Idan kuma aka samu daji a hanji, ke da 'yan'uwanki ku nemi a duba ku da wuri, domin yakan bi jini.