Kuɗin masu larura a Birtaniya: amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi murna da gurbin digiri na biyu da ka samu a Ingila, Allah Ya sa albarka. Ka ce likita ya tabbatar kana da larurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da fahimtar zance, ga ciwon damuwa da kake shan magani a kai, kuma ka ji a TikTok wai da ka sauka gwamnati za ta soma ba ka kuɗi. Shi ne kake tambaya ko ka sa su a lissafinka.

Kada ka sa ko kwabo. Kuɗin akwai su, ana ce musu PIP, tun 2013 ake biyan su ga 'yan shekara 16 zuwa sama waɗanda larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ke wahalar wa a harkokin yau da kullum. Sai dai bizar karatu na zuwa da sharaɗin ba ruwanka da tallafin gwamnati, PIP kuwa na ciki. Karɓarsu ma karya sharaɗin biza ne. Ko mai takardar zama ta dindindin sai ya kasance ya yi shekara 2 cikin 3 da suka wuce a ƙasar. Masu bidiyon nan ba sa kaiwa nan gaɓar.

Duk da haka bari in ba ka labarin tantancewar, don in Allah Ya zaunar da kai nan Birtaniya wata rana za ka iske ta, kuma irin tambayoyinta za a yi maka a jami'a. Na san ta ne ta hanyar ɗan'uwanka, wanda aka mayar daga tallafin yara zuwa PIP da ya cika shekara 16.

Ba sunan ciwo ake biya ba. Takardar likita mai cewa kana da otizim ita kaɗai ba ta kawo komai. Maki ake bayarwa a kan ayyuka 12: goma na rayuwar yau da kullum, irin su girki, wanka, shan magani, mu'amala da mutane da sarrafa kuɗi, biyu kuma na zirga-zirga. Maki 8 a ɓangare ɗaya na ba da ƙaramin kaso, 12 babba. Ana cika doguwar takarda, daga baya wani ma'aikacin lafiya ya tattauna da kai ta waya, ta bidiyo ko ido da ido, ya rubuta rahoto.

A nan tarbiyyarmu take kayar da mu. Yaron da aka raina a kan ya ce “lafiya lau, alhamdulillahi” ko yana ganin uku-uku, shi ne aka zaunar gaban baƙuwa tana tambayarsa ko yana iya wanka. Ɗan'uwanka ya sa tufafinsa masu tsabta, ya yi gaisuwa, duk abin da aka tambaye shi sai ya ce yana iyawa. Girki? Yana iyawa. Bai faɗi cewa sai uwarsa ta tsaya a kansa ba, don ya taɓa barin tukunya a wuta ya shige ɗaki ya rufe ƙofa saboda ƙarar injin wanki. Shiga bas? Yana iyawa. Bai ce hanya ɗaya tak ya haddace ba, ranar da aka karkatar da motar kuwa sai da na bar aiki na je na ɗauko shi. Ba ƙarya ya yi ba, mai otizim kan amsa tambaya daidai yadda aka yi ta. Rahoton ya fito da abin da ya faɗa, makin bai kai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Alhali ƙa'idar da kanta tana gefensa. Ba a ɗaukar ka iya abu sai in kana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. Ana kuma duba halin da kake ciki a mafi yawan kwanaki, ba ranar da ka tashi da daɗin rai ba. Shi ya sa nake ganin rubuta abin da ya faru kullum na 'yan makonni kafin ranar ya fi kowace dabara amfani. An yarda ka zo da wanda ya san ka, kuma kana iya neman a naɗi muryar zaman. In an hana ka, kana da wata ɗaya ka nemi a sake dubawa, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta. Mu a sake dubawar muka dace, da taimakon Citizens Advice, wata ƙungiya mai ba jama'a shawara, kyauta. Amma watannin jiran sun girgiza yaron, barci ya ƙaurace masa, ko ambulan wasiƙa ya gani a ƙofa sai jikinsa ya yi sanyi.

Abin da ke naka a matsayin ɗalibi shi ne asibiti da jami'a. Za ka biya harajin lafiya na fam 776 a shekara tare da biza, shi zai ba ka damar ganin likitan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa jami'a ta sauƙaƙa maka, kamar ƙarin lokacin jarrabawa ko ɗaki marar hayaniya, amma sai ka buɗe baki ka nema. Layin gwajin otizim a nan yana da tsawo ƙwarai, don haka ka taho da rahoton likitanka da Turanci, da takardar magungunanka, ka rubuta wa ofishin masu larura na jami'ar tun kana gida. Ka kuma tattauna da likitanka kan hunturu, don a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Ka gaishe min da mamanka.