Kafin a Biya Kuɗin Dutsen Kantar Kicin

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gab da kammala gininmu a Kaduna, kuma maigida ya bar mini zaɓin kayan kicin. Ina son a sa mini dutsen giranayit a kan kanta, wanda za a yanka daidai da awon ɗakin. Masu aiki biyu sun ba ni farashi, na ɗayan ya kusa ninka na ɗaya, alhali samfurin da suka nuna mini kusan iri ɗaya ne. Ina kuma jin tsoron tabo, domin kantar yayata fara ce, manja ya ɓata ta tun ba a yi shekara ba. Me ya kamata in duba kafin in biya? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri a gidan. Shawarata ta farko ita ce kada ki biya ko kobo a kan ɗan gutsuren samfurin da aka kawo miki a hannu. Giranayit dutse ne da ake fasowa daga ƙasa, kamar irin wanda ake gani a Kufena ta Zariya da duwatsun Filato, kuma kowane falle yana da nasa launi da zane da rauni. Mafi yawan goggagun fallayen da ake sayarwa a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja ana shigo da su ne daga ƙasashen waje, musamman Indiya da Sin da Burazil, shi ya sa farashinsu yake bin canjin dala. Ki je da kanki inda aka jingine fallayen, da rana tsaka, ki zaɓi wanda kike so, ki shafa fuskarsa da tafin hannu ki ji ko akwai tsagewa ko ramukan da aka cike da gam, sannan a rubuta sunanki a gefensa a gabanki.

Batun tabo kuwa ana iya gwada shi tun kafin ciniki. Ki roƙi ɗan gutsure daga ainihin fallen da kika zaɓa, ki kai shi gida, ki ɗiga masa ruwa a gefe ɗaya, manja a gefe ɗaya, ruwan lemon tsami a wani gefen, ki bar su kamar minti 15 sannan ki goge. Idan wurin ruwan ya yi duhu nan da nan, dutsen yana shan ruwa sosai, kuma zai sha manja da zoɓo da kurkur kamar yadda na yayarki ya yi. Idan wurin lemon ya dusashe ya rasa ƙyallinsa, to abin da aka ba ki mabul ne ko wani dutse mai kama da shi, domin sinadarin da ke cikin mabul yana narkewa da tsami, giranayit na gaskiya kuwa ba ya damuwa da shi cikin ɗan wannan lokaci. A kicin ɗin da ake girka miyar taushe da kunun tsamiya kusan kullum, ba na ba kowa shawarar mabul, duk da kyansa a ido. Yawanci duwatsu masu duhu sun fi fararen tsukewa, saboda haka sun fi jure wa mai. Sai dai akwai baƙin dutse da ake ƙara wa rini don ya yi baƙi wuluk, kuma ana gane shi idan aka jiƙa farin ƙyalle da asiton, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, aka murza a gefen fallen. Idan baƙi ya fito a ƙyallen, rini ne, kuma zai koɗe.

Yanzu ga bambancin farashin, wanda nake ganin nan ne gizo yake saƙar. Ki tambayi kowannensu kaurin dutsen, domin ana samun mai santimita 2 da mai santimita 3, kuma akan manna siririn gutsure a bakin mai 2 ɗin don ya yi kama da mai kauri. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa miki gaskiya kuma an shimfiɗa masa katako mai ƙarfi ko dakalin siminti a ƙasa. Ki tambaya kuma da wane awo aka yi lissafin, murabba'in mita ne ko mitar tsawo, domin faɗin kanta yakan kasance santimita 60, kuma awon biyu ba sa ba da adadi ɗaya. Sau da yawa farashi mai sauƙi kuɗin dutse ne zalla, ba a sa kuɗin fafe gurbin kwamin wanke-wanke da na murhun gas ba, ba a sa huda wurin famfo da goge baki da ɗan dutsen da ake jingina wa bango don tare fantsamar miya ba, balle kuɗin mota da na masu ɗauka. Ki sa kowannensu ya rubuta miki waɗannan ɗaya bayan ɗaya a takarda, za ki ga ko ratar da ke tsakaninsu ta gaske ce.

Nauyin dutsen abu ne da kafintoci da yawa ba sa lissafawa. Murabba'in mita ɗaya na mai santimita 3 yana kai kimanin kilo 80, wato kanta mai tsawon mita 3 ta kusa nauyin buhun siminti uku. Idan durowoyin da za su ɗauke ta na garin katako ne da aka matse, ruwan da ke zuba a ƙarƙashin famfo zai kumbura su, su lotsa, dutsen ya tsage a inda ya fi rauni, wato siririn wurin da ke gaban kwamin wanke-wanke. Don haka kada a ɗauki awon ƙarshe sai an gama kafa durowoyi ko dakali, an tabbatar sun daidaita, an gama shafen bango, kuma kwamin da murhun da kika saya suna wurin. Bangon gidajenmu ba kasafai yake miƙewa sak ba, kuma dutsen da aka yanke gajere ba shi da gyara. Ki nemi a nuna miki inda za a haɗa falle da falle, ki ƙi yarda mahaɗar ta faɗo a kan kwami ko murhu.

Akwai wani abu da nake so ki tsaya a kansa saboda lafiyar mutane. Ƙurar yankan wannan dutse tana ɗauke da sinadarin silika, wanda yake taruwa a huhu ya jawo ciwon da ba ya warkewa. A yi yankan a wurin aikinsu, da injin da ke zuba ruwa a kan ƙarfen da ke yankan, kuma idan dole sai an ɗan rage wani gefe a gidan, a yi shi a waje, yara ba sa kusa. Dutsen haɗi da ake kira kwaz, wanda ake yi da garin dutse da gam, ya fi yawan wannan sinadari, har ƙasar Ostireliya ta haramta aiki da shi daga watan Yulin 2024 saboda ma'aikatan da suka kamu. Haka nan kwaz ba ya jure tukunya mai zafi kamar yadda giranayit yake jurewa. Game da biyan kuɗi, ki ba da kafin alƙalami gwargwadon kuɗin fallen, ki riƙe sauran sai an ɗora, an shafa maganin toshe ƙofofin dutsen, kin zuba ruwa kin ga ya tsaya a sama bai shige ba.

Tambaya: Malam, kantarmu ta riga ta yi tabon mai kusa da murhu. Akwai yadda za a fitar da shi? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Akwai, Alhaji, amma sai da haƙuri. A kwaɓa hodar bekin soda da ɗan ruwa ta yi kauri kamar ƙullu, a lafta ta a kan tabon, a rufe da leda a manne gefunan, a bar ta kwana ɗaya, sannan a cire ledar a bar ta ta bushe ƙarau, domin a lokacin bushewar ne take janyo man daga cikin dutsen. Tsohon tabo yakan buƙaci a maimaita sau biyu ko uku. Kada a yi amfani da ruwan wankin banɗaki ko soson ƙarfe, domin suna cinye maganin da aka shafa, su bar dutsen a buɗe. Bayan tabon ya fita, a kira mai aikin ya sake shafa maganin, a riƙa wanke kantar da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, a kuma ajiye galan ɗin mai a kan faranti. Daka kuma a bar shi a ƙasa, domin bugun taɓarya a kan kanta yana iya buɗe mahaɗar fallayen.