Shin Gubar Roba Ce Ta Durƙusar da Kamfanin Tupperware?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a makarantar firamare a Kaduna. Kullum da asuba nakan soya musu ƙosai ko wainar ƙwai, wani lokaci naman kaza, in tsaga burodi in cusa a ciki, in rufe a robobin Tupperware da yayata ta kawo mini daga Amurka shekarun baya. Makon jiya autata ta dawo gida tana amai da zawo, sai kuma ga wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa an rufe kamfanin ne saboda an gano robarsa tana zuba guba a abinci, tana jawo ciwon daji. Tun ranar ban samu barcin kirki ba. Shin da hannuna na cutar da 'yata? In zubar da robobin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki game da saƙon nan, domin babu wata hukuma da ta rufe kamfanin Tupperware saboda guba. Abin da ya faru shi ne, a watan Satumba na shekarar 2024 kamfanin da kansa ya je kotu a jihar Delaware ta Amurka ya nemi kariya daga masu bin sa bashi, bayan da bashin ya haura dala miliyan 700, kuma kafin shekarar ta ƙare masu bin bashin suka karɓe shi suka ci gaba da sayar da kaya da sunan. Ciwon kamfanin na kasuwa ne. Earl Tupper ya fito da robobinsa masu murfi mai kamawa a 1946, amma ba su samu karɓuwa a kantuna ba sai da wata mata mai suna Brownie Wise ta bunƙasa tsarin tara mata a gidan ɗayarsu a gwada musu kayan su saya. Tsarin ya ɗaukaka kamfanin shekaru da dama, sannan ya zame masa ƙangi, saboda mata sun koma sayayya a manyan kantuna da intanet, robobi masu araha sun cika kasuwa, shi kuwa lokacin da ya shiga manyan kantunan Target na Amurka a 2022, bakin alƙalami ya riga ya kusa bushewa.

Wannan ba ya nufin maganar roba ba ta da tushe ko kaɗan. Akwai sinadarin BPA da ake haɗa wata roba mai tauri da shi, wanda masana ke da damuwa a kansa saboda yana iya kwaikwayon wasu sinadaran jikin mutum, har Tarayyar Turai ta amince da hana amfani da shi a mazuban abinci a ƙarshen 2024. Kamfanin Tupperware ya ce kayansa da ake sayarwa a Amurka da Kanada ba su ɗauke da shi tun watan Maris na 2010. Don haka ki duba gindin robobinki: wadda ke da lamba 5 ta dace da abinci mai ɗumi, wadda kuma ta girmi 2010, tana da tauri da haske kamar gilashi, da lamba 7 ko harufan PC, ki mayar da ita ma'ajiyar busassun kaya. Duk wadda ta kakkarce, ta yi fari-fari daga ciki ko take danƙo bayan wanki, ta gama aikinta. Kada kuma a tsamo abu daga kasko a jefa shi kai tsaye cikin roba ko leda, domin man suya yakan kai digiri 170 zuwa 190, alhali robar lamba 5 tana narkewa ne a wajen digiri 160, leda kuwa tun ƙasa da haka sosai.

Amma sinadarin roba ba ya sa yaro amai da zawo a yini guda. Abin da nake zargi a kan 'yarki shi ne wata fahimta da nake cin karo da ita kusan kullum a bakin iyaye, har da masu ilimi, wato cewa abin da aka soya ba ya lalacewa da wuri, mai ya riga ya kashe duk wata cuta, kuma muddin an rufe shi ruf a mazubi mai kyau to ya tsira. Wannan fahimtar ta kwantar da yara da yawa, kuma murfi mai kyau yana ƙara mata ƙarfi a zukatan mutane, domin uwa tana ganin ƙuda bai taɓa ba, ƙura ba ta shiga ba, sai ta saki jiki.

Gaskiya ne suya tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta a lokacin da abin yake cikin mai. Sai dai daga tsamowa zuwa rufewa, hannu ya taɓa ƙosan, wuƙar da ta yanka albasa ko ɗanyen nama ta tsaga burodin, an ɗora a faranti ko katakon yanka. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu cikakkiyar lafiya ke ɗauke da ita a fata ko cikin hanci ba tare da ta dame shi ba, kuma ta hannun mai girki take shiga abinci bayan an sauke shi daga wuta. Cikin ƙosai da wainar ƙwai da tsokar kaza yana da laima da kayan gina jiki, wato duk abin da take buƙata. Idan aka rufe da zafinsa, tururin ba shi da mafita, sai ya koma ruwa ya jiƙa burodin da ɓawon suyar, mazubin kuma ya daɗe yana riƙe da ɗumi tsakanin digiri 5 da 60, wanda a nan ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. A yanayin da ya yi musu daidai sukan ninka yawansu duk minti 20, ma'ana ƙwaya ɗaya tak da ta shiga da ƙarfe 6 na safe tana iya haura 260,000 kafin ƙarfe 12 na rana. Ki tuna kuma inda jakar take ajiye: cikin aji mai rufin kwano, ko bayan motar makaranta, a garuruwan da zafin watan Maris da Afrilu ke kai digiri 40 ko kusa da haka.

Ga inda abin ya fi ba ni tsoro. Wannan ƙwaya tana zuba dafi a cikin abincin, kuma dafin ba ya mutuwa da ɗumame. Uwa ta ga yaro ya dawo da sauran sanwic ɗinsa, ta shinshina ba ta ji wari ba, ta mayar kasko ta sake soyawa ta ba ƙaninsa, tana ganin ta yi tattali kuma ta yi tsafta, alhali ta kashe ƙwayar ne ta bar dafin. Hanci da harshe ba sa gane shi. Alamominsa sukan bayyana daga minti 30 zuwa awa 8 bayan ci, da tashin zuciya da amai mai ƙarfi da murɗawar ciki, sau da yawa har da zawo, wanda ya yi kama da abin da kika bayyana, ko da yake ba zan yanke hukunci a kan yarinyar da ban duba ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda masu tura saƙonnin murya, waɗanda ba sa faɗin sunansu ballantana inda suka yi karatu, suke karkatar da hankalin iyaye daga haɗarin da ke gabansu zuwa labarin da ya fi daɗin yaɗawa. Bayan saƙon kuma sai ka ji an biyo da tallan garin wanke guba daga jiki. Wasu su ce taifod ne ba tare da gwaji ba, a tafi kyamis a haɗo wa yaro magunguna kala uku, wasu su ce baki ne ya kama shi, washegari kuma a sake rufe masa ƙosai mai tururi a jefa a jaka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da cuta ta gurɓataccen abinci a shekara, 420,000 suna mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyarmu ce ta fi ɗanɗana kuɗar. Ban taɓa jin an tura wannan a saƙon murya ba.

Ƙa'idar hukumar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba zafi, hukumomin Amurka ma sun rage zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. Saboda haka ki tsame suyar a kwando mai tsafta, ba a takardar jarida ba, ki bari tururin ya fita, ki wanke hannu da sabulu, ki ɗauka da cokali, ki ware burodin daban yaro ya haɗa da kansa lokacin ci. Ki sa gorar ruwa ko fiya wata da ya daskare a jikin robar cikin jakar, ki kuma roƙi malamarsu ta tabbatar sun ci a tarar farko. Idan ba a samu ƙanƙara ba saboda rashin wuta, ki ɗauraye kula da tafasasshen ruwa ki zuba suyar da zafinta, domin ita kula, saɓanin roba, tana riƙe zafin sosai, ko ki koma abin da ke jure zafi ranar, kamar burodi da tunkuza, ƙuli-ƙuli, dabino ko ayaba da ɓawonta. Abin da ya dawo gida da la'asar a zubar da shi, komai kyansa a ido.

Ita kuwa autarki, in har yanzu cikin bai daidaita ba, ki ci gaba da ba ta ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinc yadda ma'aikacin lafiya ya tsara, kada a hana ta abinci. Idan kika ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko tana amayar da duk abin da ta sha, ki kai ta asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.